Zanen Aro ko Zanen Gado: Nazari a Kan Rubutun Zuben Indiyawa Cikin Harshen Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci Indiya a ƙasar Hausa, abin da yake fara faɗo wa mutane a rai shi ne finafinai: rawa da waƙa, da soyayyar da iyaye suka hana, da jarumin da yake gamawa da mugu a ƙarshe. Shekaru masu yawa ke nan da Bahaushe ya saba da wannan fuska ta Indiya, tun daga gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos har zuwa zamanin bidiyo. To amma Indiya tana da wata fuskar wadda ɗalibin adabi ya kamata ya sani, watau littattafan da 'ya'yanta suke rubutawa da harshen Ingilishi. Waɗannan littattafai sun ci manyan kyaututtuka a Ingila da Amurka, an kuma fassara su cikin harsuna da dama, har ta kai mutanen waje da yawa idan suka ce adabin Indiya, su kaɗai suke nufi.

A nan ne gizo yake saƙa. Ƙidayar jama'a ta 1961 zuwa ta 2011 duk sun nuna cewa masu jin Ingilishi tsiraru ne a Indiya. A ƙidayar 2011, cikin mutane fiye da miliyan 1,200, waɗanda suka ce Ingilishi ne harshensu na uwa ba su kai 300,000 ba, masu jin sa gaba ɗaya kuwa kimanin kashi 10 ne cikin 100. Ke nan harshen da duniya ta fi jin muryar Indiya da shi, mutum tara cikin goma na ƙasar ba sa jin sa. Masu iya magana suna cewa zanen aro ba ya rufe katara. Shin Ingilishi a hannun marubucin Indiya har yanzu zanen aro ne, ko kuwa ya daɗe a gidan har ya zama na gado? Wannan maƙala za ta bi sawun tarihin wannan adabi a taƙaice, ta dubi ƙagaggun labarai da kuma rubutun da ba ƙagagge ba, sa'an nan ta tsaya a kan taƙaddamar da ke tsakanin Indiyawa su da kansu game da wannan tambaya.

2.0 Yadda Ingilishi Ya Sami Gindin Zama

Littafi na farko da aka sani Ba'indiye ya rubuta da Ingilishi shi ne labarin tafiye-tafiyen Sake Dean Mahomed, wanda aka buga a garin Cork na ƙasar Ayilan a 1794. Amma abin da ya kafa harshen a makarantun Indiya shi ne takardar shawarar da Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka a 1835. Macaulay bai iya Larabci ko Sanskirit ba, amma duk da haka ya yanke hukunci cewa kanta ɗaya ta littattafan Turai ta fi dukkan abin da Indiyawa da Larabawa suka taɓa rubutawa. Manufarsa ita ce a raini wani rukuni na Indiyawa masu tunani irin na Turawa, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da talakawa. A 1857 aka kafa jami'o'in Kalkata da Bombay da Madras, dukkansu da Ingilishi ake koyarwa.

Abin lura shi ne, manyan marubutan wancan zamani ba su sallama harsunansu ba. Bankim Chandra Chatterjee ya rubuta ƙagaggen labari ɗaya da Ingilishi, Rajmohan's Wife, a 1864, daga nan ya koma harshen Bengali, a can ya yi suna. Rabindranath Tagore, wanda ya ci Kyautar Nobel a 1913, da Bengali yake rubuta waƙoƙinsa, daga baya ya fassara wasu da kansa.

Bayan samun 'yancin kai a 1947, tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya ɗora Hindi a matsayin harshen gwamnatin tarayya, ya bai wa Ingilishi wa'adin shekara 15. Da wa'adin ya cika a 1965, sai tarzoma ta ɓarke a Jihar Madras, wadda yanzu ake kira Tamil Nadu, domin masu harshen Tamil suna ganin ɗora musu Hindi wani sabon mulkin mallaka ne daga arewacin ƙasar. Aka yi asarar rayuka, gwamnati ta ja da baya, aka gyara doka a 1967 Ingilishi ya ci gaba da aiki tare da Hindi. Watau dai gabar da ke tsakanin harsunan gida ita ta tsawaita ran baƙo. A yau tsarin mulkin Indiya ya lissafa harsuna 22 na ƙasa, kuma babu Ingilishi a cikinsu. Amma cibiyar adabi ta ƙasa, Sahitya Akademi, wadda aka kafa a 1954, tana ba da kyauta cikin harsuna 24, har da Ingilishi.

3.0 Magabata Uku

Masana sun yi ittifaƙi cewa mutum uku ne suka aza harsashin ƙagaggen labarin Indiya cikin Ingilishi, dukkansu a shekarun 1930.

Na farko shi ne Mulk Raj Anand. Littafinsa Untouchable na 1935 labarin yini ɗaya ne a rayuwar Bakha, saurayi mai kwashe masai. A tsarin zamantakewar mabiya addinin Hindu, ana haihuwar mutum cikin wani rukuni na gado da ake kira jati, wanda shi yake tantance sana'arsa da aurensa da wanda zai ci abinci tare da shi. Bakha yana can ƙasan tsarin, cikin waɗanda ake ganin taɓa su ƙazanta ne, waɗanda a yau suke kiran kansu Dalit. Jikinsa ya gogi wani mai asali a kan titi bisa kuskure, aka tara masa jama'a, aka mare shi. Anand yakan ɗauko zagi da karin maganar Punjabi da Hindi ya juya su kai tsaye zuwa Ingilishi, ko da Bature zai ji su bambaraƙwai.

Na biyu shi ne R. K. Narayan, wanda ya ƙagi wani gari a kudancin Indiya mai suna Malgudi, ya zuba yawancin labaransa a ciki, tun daga Swami and Friends na 1935. Ingilishinsa mai sauƙi ne, ba ado, ba hayaniya. A cikin The Guide na 1958, Raju, ɗan rakiyar baƙi kuma mayaudari, ya fito daga kurkuku sai ƙauyawa suka ɗauke shi waliyyi. Da fari ya addabe su, suka sa ido ya yi azumin roƙon ruwa, ƙaryarsa ta zame masa gaskiyar da ba zai iya gudu ba.

Na uku, Raja Rao, shi ya fi kowa fito da matsalar harshe fili. A gabatarwar Kanthapura na 1938 ya bayyana cewa Ingilishi harshen tunanin Ba'indiye mai ilmin boko ne, amma ba harshen zuciyarsa ba ne. Ya ce bai kamata Indiyawa su yi rubutu irin na mutanen Ingila ba, sai dai su gina wani karin Ingilishi nasu. A cikin littafin wata tsohuwa mai suna Achakka ce take ba da labarin yadda gwagwarmayar Gandhi ta shigo ƙauyensu. Jimlolinta dogaye ne, wannan na bin wannan ba tsayawa, da maimaici da kirarin alloli da asalin kowane gida, daidai da yadda tsofaffi suke ba da labari da harshen Kannada. Kalmomin na Ingilishi ne, amma numfashin da ke ɗauke da su na ƙauyen ne. Duk abin da marubutan baya suka yi da harshe, a kan wannan hanya da Rao ya share suka bi.

4.0 Ƙagaggun Labarai Daga 1981

Tsakanin 1947 da 1980 an sami fitattun littattafai, kamar Train to Pakistan na Khushwant Singh a 1956, a kan kashe-kashen da suka biyo bayan raba Indiya da Pakistan, da kuma ayyukan Anita Desai. Amma a wancan lokaci mutane da yawa suna ganin wannan adabi ragowar mulkin mallaka ne, ba zai yi nisan kwana ba. Abin da ya juya akalar al'amarin shi ne Midnight's Children na Salman Rushdie, wanda ya fito a 1981 ya ci Kyautar Booker.

Tauraron littafin, Saleem Sinai, an haife shi ne daidai tsakar daren 15 ga Agusta, 1947, sa'ar da Indiya ta sami 'yanci. Yara 1,001 aka haifa cikin wannan sa'a, kowanne da wata baiwa ta ban mamaki. Duk abin da ya sami ƙasar sai ya sami Saleem, har zuwa dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta kafa daga 1975 zuwa 1977, lokacin da aka kame yaran aka dandaƙe su. Saleem yana ba da labarin ne ga wata mata mai suna Padma, wadda ba ta iya karatu ba, tana katse shi tana yi masa gardama idan ya yi nisa da kewaye-kewaye. Wannan zubi ne na adabin baka, irin wanda muka sani a tatsuniya da hikaya. Harshen kuwa gauraye ne: Ingilishin titunan Bombay, da kalmomin Urdu da Hindi ba tare da fassara ba, da salon tallan finafinai. Rushdie ya nuna wa matasan marubuta cewa ba sai sun nemi iznin Landan ba kafin su lanƙwasa harshen. Mai karatu zai tuna cewa wannan marubuci ne daga baya ya fitar da The Satanic Verses a 1988, littafin da ya ɓata wa Musulmin duniya rai matuƙa, wanda gwamnatin Indiya ta hana shigo da shi a shekarar. Wancan al'amari babi ne daban. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne tasirin littafin 1981 a kan salo.

Ba kowa ne ya bi salon Rushdie ba. Vikram Seth ya rubuta A Suitable Boy a 1993 da harshe miƙaƙƙe, shafi fiye da 1,300, a kan wata uwa mai nema wa 'yarta Lata mijin da ya dace a farkon shekarun 1950. Cikin manema uku akwai Kabir, wanda take so, amma Musulmi ne ita kuwa Hindu ce. A ƙarshe ta zaɓi Haresh, mai aikin kamfanin takalma. Ta cikin wannan neman aure Seth ya nuna zaɓen farko na ƙasar da dokar karɓe gonaki daga hannun manyan masu ƙasa da zaman ɗarɗar tsakanin addinai.

A 1997 Arundhati Roy ta ci Booker da The God of Small Things. Labarin tagwaye ne, Rahel da Estha, a ƙauyen Ayemenem na Jihar Kerala. Mahaifiyarsu Ammu, bazawara daga gidan Kiristoci masu asali, ta so Velutha, kafinta ɗan Dalit. Dangi suka ƙulla masa sharri, 'yan sanda suka doke shi har ya mutu, shugaban jam'iyyar kwaminis da yake wa biyayya ya juya masa baya. Abin da Roy take nunawa shi ne, shekara ashirin da 'yancin kai, coci da jam'iyya da hukuma duk sun durƙusa wa tsarin jati. Ta gina harshenta a kan yadda yara suke jin Ingilishi: suna tsinka kalmomi, suna haɗe wasu, suna karanta wasu a juye, ga kuma kalmomin Malayalam jefi-jefi.

Amitav Ghosh shi kuwa tarihi ya fuskanta. A cikin Sea of Poppies na 2008, da littattafai biyu da suka biyo shi a 2011 da 2015, ya ba da labarin yadda Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila ya tilasta wa manoman Bihar noman furen da ake yin ƙwayar ofiyam da shi, domin a sayar a ƙasar Sin, abin da ya haifar da yaƙin 1839 zuwa 1842. Jirgin ruwan labarin, Ibis, tsohon jirgin bayi ne da aka mayar na jigilar 'yan ƙwadago zuwa tsibirin Morishiyas. A cikinsa Ghosh ya tara Bhojpuri da Bengali da gwamutsattsen harshen ma'aikatan jirgi, ya nuna cewa tun ƙarni na 19 Ingilishi yake ɗiban kalmomi daga bakin Indiyawa.

Sauran waɗanda suka ci Booker su ne Kiran Desai a 2006 da The Inheritance of Loss, da Aravind Adiga a 2008 da The White Tiger, labarin direba Balram wanda ya kashe ubangidansa ya gudu da kuɗi ya zama ɗan kasuwa a Bangalore. A wajen ƙasar kuma akwai irin su Rohinton Mistry a Kanada da Jhumpa Lahiri a Amurka, wadda ta ci Kyautar Pulitzer a 2000. Daɗin daɗawa, bayan buɗe tattalin arzikin Indiya a 1991 wata kasuwa ta cikin gida ta taso. Chetan Bhagat ya fitar da Five Point Someone a 2004, da Ingilishi mai sauƙi da farashi mai rahusa, ya sami ɗimbin masu karatu cikin ɗalibai da ƙananan ma'aikata waɗanda ba ruwansu da kyaututtukan Landan. Daga wannan littafi aka samo fim ɗin 3 Idiots na 2009.

5.0 Rubutun da Ba Ƙagagge Ba

Sau da yawa kyaututtukan ƙagaggun labarai sukan rufe wannan ɓangare, alhali kuwa a nan ne Ingilishi ya fi yi wa Indiya aiki. Asalinsa daga 'yan gwagwarmaya ne. Jawaharlal Nehru ya rubuta The Discovery of India yana tsare a kurkukun Ahmednagar, aka buga a 1946. B. R. Ambedkar, jagoran Dalit wanda daga baya ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulki, ya shirya wani jawabi da zai gabatar a Lahore a 1936. Masu taron suka ga ya yi zafi suka soke, shi kuwa ya buga shi da kuɗinsa da sunan Annihilation of Caste, har yau ana karanta shi.

A zamanin nan, misali mafi ƙarfi shi ne na ɗan jarida P. Sainath. Daga 1993 ya zaga wasu gundumomi mafi talauci a Indiya, ya tara rahotanninsa cikin Everybody Loves a Good Drought a 1996. Ma'anar sunan ita ce kowa yana son fari, domin idan an yi fari kuɗin agaji yakan fito, 'yan kwangila da ma'aikata su ƙoshi, manomi ya tashi a tutar babu. Mutanen da Sainath ya zauna da su ba sa jin Ingilishi, amma waɗanda suke tsara musu manufofi a Delhi da shi suke karatu. Ke nan ya zaɓi harshen ne domin kukan ya isa kunnen da ya kamata.

Ita ma Arundhati Roy, bayan ta ci Booker, shekara 20 ta yi ba ta sake fitar da ƙagaggen labari ba. Ta koma rubuta maƙalu: a kan gwajin makamin nukiliya da Indiya ta yi a 1998, da kuma madatsar ruwan Sardar Sarovar a kan kogin Narmada, wadda ta tashi dubban ƙauyawa daga gidajensu. A 2002 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke mata ɗaurin kwana ɗaya da tara saboda raina kotu. Basharat Peer ya rubuta Curfewed Night a 2008, a kan tasowarsa a Kashmir cikin rikicin da ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1980. Suketu Mehta ya shiga lungunan Bombay cikin Maximum City na 2004, ya zauna da 'yan daba da 'yan sanda da masu shirya finafinai. Ramachandra Guha ya rubuta tarihin ƙasar tun daga 'yanci cikin India After Gandhi a 2007. Shi kuwa Ghosh, a cikin The Great Derangement na 2016, ya tuhumi marubutan ƙagaggun labarai na duniya da kau da kai daga sauyin yanayi. In an lura, yawancin waɗannan littattafai da Indiyawa suke magana kafin kowa. Mutumin Kerala ba ya jin Kashmiri, mutumin Kashmir ba ya jin Malayalam, amma masu ilmin bokonsu suna haɗuwa a Ingilishi.

6.0 Taƙaddama

A 1997, lokacin cikar Indiya shekara 50 da 'yanci, Rushdie da Elizabeth West suka tara zaɓaɓɓun rubuce-rubucen wannan zamani cikin kundi ɗaya. A gabatarwarsa Rushdie ya yi iƙirarin cewa zuben da Indiyawa suka rubuta da Ingilishi cikin waɗannan shekaru ya fi yawancin abin da aka rubuta da harsunan gida ƙarfi da muhimmanci. Fassararren labari ɗaya tak ya ce ya cancanci shiga, watau Toba Tek Singh na Saadat Hasan Manto, daga Urdu. Wannan magana ta tayar da ƙura. Marubuta suka tambaye shi harsuna nawa yake karantawa da zai yanke wannan hukunci, wasu suka ce Macaulay ne ya dawo da sabuwar riga. A 2001 Amit Chaudhuri ya fitar da nasa kundin mai ɗauke da fassarori daga Bengali da Hindi da Urdu da harsunan kudu. A shekarar ce kuma Ghosh ya janye littafinsa The Glass Palace daga gasar marubutan ƙasashe renon Ingila, ɗaya daga cikin dalilansa shi ne gasar ba ta karɓar harsunan da ba Ingilishi ba.

Za a iya taƙaita ƙorafin masu suka cikin abubuwa uku. Na farko, mafi yawan marubutan Ingilishi 'ya'yan birni ne, daga gidajen masu hali da manyan makarantu, da yawansu ma a waje suke zaune. Na biyu, malamar adabi Meenakshi Mukherjee ta nuna cewa wanda yake rubuta wa baƙo yakan damu da nuna cewa shi Ba'indiye ne, sai ya cika littafi da kayan yaji da mangwaro da damina da alloli, abin da mai rubutu da Marathi ko Tamil ba ya buƙata, don mai karatunsa ɗan gida ne. Na uku, batun murya: yaya direba irin Balram, wanda bai gama makaranta ba, zai yi tunani da goggen Ingilishi? Wane ne yake magana, shi ko marubucin?

Su ma ɗaya ɓangaren suna da hujja. Vikram Chandra ya mayar da martani a 2000 cewa masu awon asali suna neman su tsare marubuci cikin keji, alhali Ingilishi harshen titi ne a Bombay kamar sauran. Hujja mafi nauyi kuwa daga wajen Dalit ta fito. Ƙarnuka da dama an hana su karatun Sanskirit, kuma harsunan gida cike suke da kalmomin da suke ƙasƙantar da su. A wurin wasunsu Ingilishi hanyar tsira ce, har marubuci Chandra Bhan Prasad ya riƙa shirya bikin ranar haihuwar Macaulay. Sujatha Gidla a 2017 da Yashica Dutt a 2019 sun rubuta tarihin rayuwarsu ta Dalit da Ingilishi kai tsaye. Ashe harshen da yake katanga ga wani, tsani ne ga wani.

7.0 Fassara da Abin da Ya Shafe Mu

Abin da ya raunana iƙirarin Rushdie shi ne fassara. Da ma can akwai gwanayen littattafai cikin harsunan gida, irin su Samskara na U. R. Ananthamurthy da Kannada a 1965, da Karukku na Bama da Tamil a 1992, da Joothan na Omprakash Valmiki da Hindi a 1997. Abin da aka rasa shi ne isassun masu fassara da kamfanonin da za su kula. Da aka same su, sai ga sakamako. A 2022 Kyautar Booker ta Duniya, wadda ake raba kuɗinta daidai tsakanin marubuci da mai fassara, ta tafi ga Geetanjali Shree da Daisy Rockwell saboda Tomb of Sand, daga Hindi. A 2025 ta tafi ga Banu Mushtaq da Deepa Bhasthi saboda Heart Lamp, gajerun labarai daga Kannada a kan rayuwar mata Musulmi a Jihar Karnataka. A nasa ɓangaren, Ghosh ya zama marubucin Ingilishi na farko da aka bai wa Jnanpith, babbar kyautar adabin Indiya, a 2018. Watau kowane ɓangare ya shiga gidan ɗan'uwansa an karɓe shi.

A nan ne darasin ya iso ƙofarmu. A daidai shekarun da Anand da Narayan suke fara rubutu da Ingilishi, gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu, duk da Hausa. Ke nan ƙagaggen labarinmu da harshen gida ya tashi, kuma har yau yawancin masu karatunsa da Hausa suke karantawa. Matsalarmu irin ta marubucin Kannada ce kafin a fassara shi: ɗaki cike da kaya, ƙofa a rufe. Littattafan Hausa da aka mayar Ingilishi ƙalilan ne. Abin mamaki, ɗaya daga cikinsu, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Idan har mutanen Chennai za su ga abin ɗauka a adabinmu, to sassan Hausa na jami'o'inmu ba su da uzurin ɗaukar fassarar adabi a matsayin ƙaramin aiki.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa Ingilishi ya wuce matsayin zanen aro a Indiya. Harshen da Rao ya cusa wa numfashin Kannada, Roy ta sa shi a bakin yaran Kerala, Ambedkar da Sainath suka kai ƙarar masu iko da shi, ya cancanci a lissafa shi cikin kayan gidan. Kuskuren yana zuwa ne idan aka ɗauka shi kaɗai ne zanen da ke cikin adaka. Adabin Indiya cikin Ingilishi reshe ne ɗaya cikin rassa fiye da ashirin, ya fi sauran fitowa bakin hanya ne kawai saboda kasuwa da kyaututtuka suna ɓangarensa. Wanda ya karanta Rushdie da Roy da Ghosh ya ga Indiya ta wata taga mai faɗi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo, kuma mafi yawan masu ɗakin da Hindi da Tamil da Bengali da sauransu suke faɗin damuwarsu. Aikin da ya rage wa ɗalibin adabi, a can da nan, shi ne ya iya harshen gida sosai, ya iya na waje sosai, sa'an nan ya tsaya a tsakani yana miƙa kaya ta kowane ɓangare.